Bijimin da Kowa Ya Zaɓa

A farkon shekarun 1980 likitocin dabbobi a Amurka, daga baya kuma a Japan, suka fara cin karo da wasu maruƙa masu ɗaure kai a garkunan shanun madara na Holstein, waɗanda a nan aka fi sani da Firiziyan. Maraƙi zai faɗo lafiya lau, ya sha dakashi, ya miƙe yana tsalle. Bayan 'yan makonni zawo ya kama shi. A yi magani ya lafa, sai tari da ciwon huhu su biyo baya. Baki ya yi gyambo, dasashi ya kumbura ya ja da baya har haƙora su soma girgiɗa, tsararsa su yi gaba su bar shi a tsumbure. Ɗan ƙwarzane a fata sai ya ƙi warkewa. Yawancinsu ba sa cika shekara.

Babban abin ɗaure kan yana cikin jini. Likitan da ya ga dabba tana ta kamuwa da cuta, zatonsa na farko shi ne fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙaranci. Lafiyayyar saniya tana da tsakanin 4,000 da 12,000 a cikin maikrolita ɗaya ta jini. Waɗannan maruƙa kuwa nasu yakan haura 40,000, wasu har ya wuce 100,000. Amma idan aka yanki gyambon aka sa a madubin likita, sai a tarar bakteriya sun cika wurin, fararen ƙwayoyin da ya kamata su cinye su kuwa kusan babu. Ko mugunyar kirki gyambon ba ya yi, domin mugunya galibinta gawarwakin waɗannan ƙwayoyin ce. Sun cika jijiya maƙil, sun kasa fitowa.

Kafin a gane abin da ya hana su fita sai an san yadda lafiyayyu suke fita, kuma ban san wani abu a jikin saniya da ya fi wannan ban mamaki ba. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Wadda ta shafe mu a nan ita ce nutrofil, wadda ɓargo ke ƙerawa ba dare ba rana. Zamanta a cikin jini na sa'o'i ne kawai, kuma ita ke fara isa duk inda bakteriya suka kutsa.

A ce bakteriyar E. coli ta shiga hantsar saniya ta kan nono bayan an gama tatsa. A can ciki akwai wata farar ƙwaya mai zaman gadi, makrofaj, da kuma ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hantsar. A jikinsu akwai wani furotin mai suna TLR4, wanda aikinsa shi ne gane wani sinadari da ke ɓawon irin wannan bakteriya. Da ya taɓa shi sai ya tayar da wani furotin a cikin ƙwayar, shi ma ya tayar da na gaba, har a kwance wani mai suna NF-κB da ke ɗaure, ya shige tsakiyar ƙwaya ya kunna ƙwayoyin gado masu yawa lokaci guda. Nan da nan sai ƙwayar ta fara fesar da sinadaran saƙo, TNF da IL-1 da IL-8. Biyun farko su ke kawo zazzaɓi, su ne kuma ke sa bangon ciki na jijiyoyin da ke kusa, wanda a da santsi gare shi, ya yi danƙo. IL-8 shi ne kiran.

Nutrofil ɗin da ke wucewa a guje sai ta fara sarƙewa da wasu furotin da ake kira selektin. Riƙon ba mai ƙarfi ba ne, kama-saki ne, amma ya isa ya rage mata gudu ta koma mirginawa a jikin bango. Tana cikin mirginawar sai ta haɗu da IL-8 a manne a wurin. Saƙon ya shiga cikinta, sannan wani saƙon ya taso daga ciki zuwa waje. A fatarta akwai wasu ƙugiyoyi da ake kira integrin, waɗanda kullum a lanƙwashe suke don kada ta riƙa maƙalewa a ko'ina. Saƙon cikin shi ke miƙar da su cikin ƙiftawar ido, su cafki abokin riƙonsu mai suna ICAM-1 a bangon jijiya. Ta tsaya cak, ta baje, ta rarrafa har ta sami tsakanin ƙwayoyi biyu, ta matse ta fice, ta bi ƙanshin IL-8 zuwa inda ake faɗan. Cikin 'yan sa'o'i madarar da ke ɗauke da ƙwayoyi ƙasa da 200,000 a mililita ɗaya ta koma ɗauke da miliyoyi. Gudajin da mai tatsa ke gani a ƙwarya idan saniya ta yi ciwon hantsa, da yawa daga cikinsa su ne.

Kowace ƙugiya daga cikin waɗannan sanda biyu ce a haɗe. Ɗaya ana ce mata CD11, tana da 'yan'uwa iri-iri. Ɗayar ita ce CD18, kuma ita kaɗai ce, duk dangin da ita suke haɗuwa. Idan ta lalace duk sun lalace.

Likitocin yara sun riga na dabbobi sanin haka. Akwai jariran da cibiyarsu ke yin makonni ba ta faɗi ba, su yi ta gyambo marar mugunya alhali jininsu cike da nutrofil, kuma a shekarun 1980 Donald Anderson a Houston da Timothy Springer a Harvard suna cikin waɗanda suka nuna cewa CD18 ce ta samu matsala. A cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta gwamnatin Amurka da ke Ames a jihar Iowa kuma akwai wani likitan dabbobi, Marcus Kehrli, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne binciken dalilin da ya sa nutrofil ɗin saniya ke yin sanyi a kwanakin haihuwa, daidai lokacin da ciwon hantsa ya fi kama ta. A 1990 shi da abokan aikinsa, ciki har da Anderson, suka nuna cewa ciwon maruƙan nan da na jariran abu ɗaya ne. Aka raɗa masa suna BLAD a taƙaice.

Me ya sa jinin yake cika haka? Amsar ta zo daga baya, daga bincike a kan ɓeraye da mutane. Idan nutrofil ta gama aiki ta mutu a cikin tsoka, makrofaj ne ke haɗiye ta, kuma wannan haɗiyar ita ce shaidar cewa an amsa kira. Sai ya rage fitar da IL-23, wanda ke tayar da IL-17, wanda shi kuma ke tayar da G-CSF, mai umartar ɓargo ya ƙara ƙira. Idan babu wadda ta iso, kiran ba ya yankewa. Ɓargo ya yi ta turowa, jijiya ta yi ta cika, shi kuma IL-17 da ya yi yawa ya koma cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙora. A 2017 likitoci a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa a Amurka suka ba wani matashi mai wannan ciwo maganin da ke toshe IL-23, kumburin bakinsa ya lafa, wani tsohon gyambonsa ya warke. Wato ɓarnar ba ta bakteriya kaɗai ba ce, har da ta kiran da ba a amsa ba.

A 1992 Dale Shuster da Kehrli da abokan aikinsu suka gano ainihin inda kuskuren yake. A cikin rubutun DNA na ƙwayar gadon da ke gina CD18, a gurbi na 383, inda ya kamata a sami A sai aka sami G. Wannan ya sauya tubali na 128 cikin tubala 769 na furotin ɗin, glaisin ya maye gurbin asfatik asid, furotin ya kasa naɗuwa daidai balle ya haɗu da abokinsa ya fito fatar ƙwaya. Gadonsa irin na sikila ne sak. Wanda ya gaji kwafi ɗaya mai kyau da ɗaya marar kyau lafiyarsa ƙalau, ba mai ganewa. Sai masu ɗauke da shi biyu sun haɗu sannan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ya gaji biyun marasa kyau.

Da suka gwada shanu da yawa sai hankali ya tashi. Kusan kashi 15 cikin 100 na bijiman Holstein da ake ɗibar maniyyinsu a Amurka suna ɗauke da shi, shanu mata kuma kusan kashi 6. Aka ƙiyasta cewa maruƙa wajen 16,000 ake haifa da ciwon duk shekara a Amurka kaɗai. Da aka bi salsalar masu ɗauke da shi a littattafan rajista, kowace hanya sai ta ɓulle wurin bijimi ɗaya.

Sunansa Osborndale Ivanhoe. An haife shi a 1952 a wata gona a garin Derby na jihar Connecticut, kuma har yau masu kiwon Holstein suna yi masa kirari da uban Holstein na zamani. 'Ya'yansa mata dogaye ne, masu kyan ƙira, masu madara. Ya zo a daidai lokacin da duniya ta sauya wa bijimi. A 1949 Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa gilisarol yana kare maniyyi daga mutuwa idan an daskarar da shi, kuma a farkon shekarun 1950 aka fara haifar maruƙa da daskararren maniyyi. Bijimin da a da iyakarsa shanun garke ɗaya ko biyu, yanzu zai iya haifar dubbai a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, har bayan mutuwarsa. Ivanhoe ya haifi Penstate Ivanhoe Star a 1963, shi kuma Star ya haifi Carlin-M Ivanhoe Bell a 1974. Bell ya zama gwarzon zamaninsa. 'Ya'yansa mata dubun-dubata ne, 'ya'yansa maza da jikokinsa suka cika cibiyoyin ɗibar maniyyi daga Amurka zuwa Turai zuwa Japan.

Babu wanda ya yi wauta a cikin wannan labari, kuma shi ya sa nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane manomi ya duba lissafi ya ga 'ya'yan Bell sun fi na kowa madara, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya sayi maniyyinsa. Zaɓinsa daidai ne a gonarsa. Amma da dubban manoma suka yi zaɓi iri ɗaya, sai jinin Ivanhoe ya fara haɗuwa da kansa ta wajen uba da ta wajen uwa. Da bijimin banza ne ke ɗauke da wannan kuskure, da ya mutu da abinsa ba wanda ya ji labari. Kowane bijimi, kamar kowane mutum, yana ɗauke da 'yan kurakurai a ɓoye. Abin da ya bambanta Ivanhoe shi ne yawan waɗanda suka so shi.

Shekara kusan 40 ke nan tsakanin haihuwarsa da gano abin. Dalili na farko shi ne sai da zuriyar ta zagayo ta haɗu. Na biyu ya fi damuna. Idan aka haɗa kashi 15 na bijimai da kashi 6 na shanu aka ɗauki rubu'i, abin da zai fito bai wuce maraƙi ɗaya cikin kusan 450 ba. Manomi mai shanu 100 zai ga irinsa sau ɗaya a shekara huɗu ko biyar, kuma abin da zai gani shi ne maraƙin da zawo da ciwon huhu suka kashe, abin da ya saba gani tun yana yaro. Asarar tana da girma idan aka tara ta ƙasa baki ɗaya, amma a kowace gona ba ta kai a ɗaga kai ba.

Maganin da aka yi ya zo da sauri. Gwajin ba shi da tsada: a ɗebi jini ko maniyyi ko gashi, a ninka ɗan yankin DNA ɗin a na'ura, a zuba masa wani sinadari da ke yanka lafiyayyen rubutu a daidai wurin amma ba ya yanka gurɓataccen. Kamfanonin maniyyi suka gwada bijimansu, suka daina shigar da sabbin masu ɗauke da shi. Ƙungiyar masu kiwon Holstein ta fara liƙa haruffa biyu a bayan sunan dabba a takardar salsalarta, BL ga mai ɗauke da shi, TL ga wanda aka gwada aka tarar ba shi da shi. Cikin 'yan shekaru ciwon ya yi wuyar gani a Amurka da Turai. A ganina gwajin ba shi ne abu mai wuya ba. Mai wuyar shi ne yarda a rubuta aibin bijimi mai tsada a fili kusa da sunansa, inda duk mai saye zai gani. Kuma da babu littafin rajistar da ƙungiyar ke riƙe da shi tun kafuwarta a 1885, da babu yadda za a yi a bi sawu har zuwa Connecticut.

Ba a gama murna ba sai wani ya ɓullo. Wajen shekarar 2000 masana a Denmak suka bayyana wani ciwo da ake kira CVM, inda ƙashin bayan ɗan tayi ke karkacewa, saniya ta yi ɓari ko ta haifi gawa. Aka bi salsala, sai ga Bell kuma, ta hannun ubansa Star. A Denmak da Japan kusan kashi 30 cikin 100 na bijiman da aka gwada suna ɗauke da shi. A 2015 masana a Jamus suka gano wani ciwon da ke hana maraƙi sarrafa kitse, ya yi ta zawo har ya mutu, aka bi shi zuwa wani shahararren bijimin Kanada mai suna Maughlin Storm da aka haifa a 1991. A 2016 tawagar Harris Lewin a Jami'ar California da ke Davis ta nuna cewa Pawnee Farm Arlinda Chief, wanda aka haifa a 1962, wanda kuma kusan kashi 14 cikin 100 na gadon Holstein ɗin Amurka daga gare shi yake, yana ɗauke da kuskuren da aka ƙiyasta ya jawo ɓari wajen 500,000 a duniya. Masana a Jami'ar Jihar Pennsylvania kuma suka tarar cewa kusan duk bijiman Holstein da ake ɗibar maniyyinsu a Amurka, ta wajen uba, daga bijimai biyu suka fito, Chief ɗin nan da wani mai suna Elevation da aka haifa a 1965.

Kada a ɗauka ina kushe barbarar zamani. A 1950 saniyar Amurka tana ba da madara kusan kilo 2,400 a shekara, yau tana ba da kusan kilo 11,000, kuma babban kaso na wannan ƙari daga zaɓen bijimai ya zo. Su kansu masanan da suka ƙirga ɓarin da Chief ya jawo sun ce ribar madarar 'ya'yansa ta ninka asarar sau da yawa. Najeriya, ƙasar da saniyar makiyayinta ke ba da lita 1 ko 2 a rana, wadda kuma hukumominta ke cewa tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya duk shekara wajen shigo da madara, ba ta da bakin raina wannan hanya.

Kuma mun riga mun shige ta. An daɗe ana haɗa Bunaji da Firiziyan a cibiyar binciken kiwo ta Shika da ke Zariya. Manyan gonakin madara a Kano da Kaduna da Filato da Adamawa suna sayen daskararren maniyyi daga waje. Kamfanonin sayen madara suna ƙarfafa wa makiyaya gwiwar yin barbarar zamani, kuma tun da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024 maganar inganta irin shanu ta ƙara yawa a bakin hukuma. Ƙasar da ta fi kama da mu a nan ita ce Indiya, mai shanu masu tozo irin namu, wadda ta shekara da shekaru tana haɗa su da Holstein. Da masananta suka gwada, sun sami masu ɗauke da BLAD a cikin Holstein da ruwa-biyunsu, ba su samu a shanun gida ba. Ƙa'idar da gwamnatin Indiya ta shimfiɗa wa cibiyoyin ɗibar maniyyi ta wajabta gwada bijimi a kan BLAD da wasu cututtukan gado kafin a fara amfani da shi.

Maniyyin da ke fitowa daga sanannun kamfanoni yau an gwada shi a kan BLAD, don haka ba shi ne abin tsoronmu na farko ba. Abin tsoron shi ne kuskure na gaba da ba a gano ba tukuna, domin gwaji yana kama abin da aka san sunansa ne kaɗai, kuma maniyyin Bell da na Storm sun shekara da shekaru a kasuwa da takardu masu tsabta. Yadda muke yin abin ma yana ƙara haɗarin. A ce an ɗura wa Bunaji 40 maniyyin bijimi ɗaya mai ɗauke da wani ɓoyayyen kuskure. Duk maruƙan za su fito lafiya, domin uwayensu ba su da shi, amma rabinsu suna ɗauke da shi. Mai gona ya ga maniyyi da tsada, ruwan naitrojin da ake adana shi da wuyar samu, mai ɗurawa ba ya zuwa a kan lokaci, sai ya zaɓi namiji mafi kyau a cikin ruwa-biyun ya bar shi ya zama bijimin garke. Karsanan da zai hau 'yan ubansa ne. Idan shi ma ya gaji kuskuren, maraƙi ɗaya cikin takwas zai fito da ciwon. Wannan ya ninka abin da Amurka ta gani fiye da sau hamsin, kuma a ƙasar da mutuwar maraƙi da zawo ba ta kai likita, balle a ɗebi jini a ƙirga.

Makiyayi na asali ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya san uwar kowace da kakarta, yakan kuma kawo bijimi daga wani garke don jini ya sabunta. Wannan ilimin a ka yake, kuma yana aiki ne domin yana ganin bijimin da idonsa. Maniyyin da ke zuwa a ɗan siririn bututu daga tulun naitrojin ba shi da ƙaho ba shi da launi. Mai saniya ya san an yi mata allurar Firiziyan, shi ke nan. Alhali a jikin kowane bututu an buga sunan bijimin da lambarsa. Ya kamata mai ɗurawa ya rubuta sunan nan da lambar saniya da ranar a littafi, ya bar wa mai ita kwafi, ko ya miƙa masa bututun da ya yi amfani da shi ya ajiye. Idan 'yar saniyar ta isa barbara bayan shekara biyu ko uku, a duba kada a sa mata na ubanta ko na ɗan'uwansa. Duk bijimin da za a ɗebi maniyyinsa a raba wa jama'a, na gwamnati ne ko na kamfani, a gwada shi a bayyana sakamakon. Jami'o'inmu da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom suna da irin na'urar da ake wannan gwaji da ita. Idan kuma maruƙan bijimi ɗaya suka yi ta mutuwa a gonaki daban-daban, a sami wurin da rahoton zai taru, domin babu manomi ɗaya da zai iya gani daga gonarsa.

Akwai ɗaya gefen, wanda ya shafi abin da muke da shi tun asali. Saƙonnin da fararen ƙwayoyin jini ke aika wa juna ba iri ɗaya ba ne a kowane irin shanu, kuma cututtukan wuri su ke sassaƙa su a tsawon dubban shekaru. Shanun N'Dama na Gini da Gambiya, da Muturu na kudancin Najeriya, suna rayuwa a inda ƙudan tsando ya yi yawa, sammore ya kama su amma su danne yawan ƙwayar cutar, jininsu bai ƙare ba. A cibiyar binciken kiwo ta ƙasa da ƙasa da ke Nairobi an haɗa N'Dama da Boran na Kenya don a gano inda wannan juriya take, kuma a 2003 Olivier Hanotte da abokan aikinsa suka nuna cewa a warwatse take a wurare da yawa na gado, wasu ma daga wajen Boran ɗin suka fito. A 2011 wani bincike ya nuna yatsa ga ƙwayoyin gado biyu. Ɗaya ita ce TICAM1, wadda ke cikin masu karɓar saƙo daga TLR4 su shigar da shi ciki. Ɗayar ARHGAP15, tana cikin masu daidaita motsin nutrofil da makrofaj. Wato hanyar saƙon da harafi ɗaya ya katse a zuriyar Ivanhoe, a kanta ake neman sirrin juriyar N'Dama. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak ba su kai N'Dama jure sammore ba, amma suna ɗauke da nasu gadon na jure zafi da kaska da doguwar tafiya da ƙarancin ciyawar rani, abin da Holstein tsantsa ba ta iyawa sai da inuwa da fanka da magani. Duk lokacin da aka sake ɗura wa ruwa-biyu maniyyin Holstein, rabin abin da ya rage na wannan gado yana tafiya.

Amurkawa sun kai inda sai da suka koma rumbun ajiyar iri na gwamnati da ke Fort Collins a jihar Colorado, suka zaƙulo tsohon maniyyin wasu zuriyoyi biyu na Holstein da suka ɓace daga kasuwa, aka haifi maruƙa da shi a 2017 don a dawo da jinin da aka watsar. Sun samu ne domin wani ya ajiye, ya kuma rubuta sunan abin da ya ajiye. Namu suna nan da rai tukuna, amma Kuri na tafkin Chadi masu manyan ƙahoni suna raguwa tare da tafkin suna kuma cakuɗuwa da wasu, Muturu ma sun yi ƙaranci. Tulun naitrojin da ke kawo maniyyin Holstein zai iya ajiye na waɗannan. Aiki ne da Shika za ta iya yi da Bunaji da Bokoloji da Rahaji, tashar Tukunus da ke yankin Filinge a Nijar kuma ta yi da Azawak da ta daɗe tana zaɓe, a ɗebo daga bijimai masu yawa na garkuna daban-daban, kowanne da sunan garkensa da yankinsa da abin da makiyayinsa ya sani game da uwarsa.